Farautar Jirgin Jamus, da Abin da Ya Haɗa Ta da Gyaɗarmu

Cikin 1956, watau shekarar da Sarauniyar Ingila ta ziyarci Nijeriya har aka yi mata hawan daba a Kaduna, waɗansu Turawa biyu, Michael Powell da Emeric Pressburger, suka fito da wani wasan silima mai suna The Battle of the River Plate. Ran 29 ga Oktoba na wannan shekara Sarauniya da kanta ta tafi kallonsa a Landan. Labarin da ke ciki ba ƙage ba ne, abu ne da ya auku a farkon Yaƙin Hitila, sa'ad da jiragen yaƙin Ingilishi suka yi wata biyu da 'yan kwanaki suna farautar wani jirgin yaƙin Jamus guda ɗaya tak, mai suna Admiral Graf Spee, har suka ritsa shi a bakin wani kogi na Amurka ta Kudu.

Mutumin Nasarawar Burkullu, ko na Anka ko Gummi, in ya ji wannan sai ya ce, to, mu ina ruwanmu? Mu da babban ruwan da muka sani shi ne Gulbin Zamfara, wanda da rani yaro ma ya kan ƙetare shi da ƙafa. Amma a bi gulbin nan a ga inda ya nufa. Ya zuba cikin Gulbin Sakkwato, na Sakkwato ya zuba cikin Kwara, Kwara kuwa ta kai ruwanta cikin tekun Atlantika, tekun da aka yi wannan farauta a kansa. Ba ruwa kaɗai ke bin wannan hanya ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929, gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na ƙasar Zamfara can suka riƙa gangarawa a wancan zamani. A ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa bakin sikeli, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Ikko, a loda wa jirgin ruwa sai Libaful. Jirgin da ya kai su shi ke komowa da akoko da atamfa da gishiri da kananzir. A lokacin, kuɗin gyaɗan nan da su talaka ke biyan haraji, da harajin nan En'e ke biyan albashi, tun daga na hakimi har na ɗan doka. Duk wanda ya tare hanyar teku ya taɓa baitulmalin Sakkwato, ko bai taɓa jin sunan garin ba.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani kan tare hanya. Gummi ta yi suna tun zamanin da saboda fatakenta, Kambarin Barebari, masu zuwa Gwanja sayen goro. Sun san falke ba ya shiga dokar daji shi kaɗai. Sai a taru a yi ayari, a sami madugu, a sa jagaba a gaba, masu kwari da baka su kare gefe da baya. Sun kuma san ɗan fashi guda, in ya san daji, ya isa ya hana ayari goma barci, gama ba wanda ya san kurmin da zai ɓullo. To, wannan shi ne dukan asirin yaƙin teku na 1939. Ana soma yaƙi ran 3 ga Satumba, Ingilishi suka mai da Freetown, babban birnin Saliyo, zangon taruwa. Jiragen kaya na Afirka ta Yamma da na Kudu su kan hallara a can, sa'an nan a tashi ayari guda zuwa Ingila da rakiyar jiragen yaƙi. Amma teku da faɗi, 'yan rakiya kuwa kaɗan ne, saboda haka jirage da yawa suna tafiya su kaɗai, kuma irinsu Jamus ta aiko a tsinta.

Shi wannan Graf Spee an gama shi aka sa shi aiki cikin Janairu 1936. Bayan Yaƙin Duniya na Farko an ɗaure Jamus da sharaɗi kada ta ƙera jirgin yaƙi da ya wuce tan 10,000. Sai maƙeranta suka yi dabara, suka ɗora manyan igogi bisa jirgi matsakaici, nauyin ma suka zarce abin da aka yanka musu suka yi shiru. Tsawonsa ƙafa 610, mutanen cikinsa sun fi dubu. Yana da manyan igogi shida masu baki inci 11, kowane harsashi ya yi kusan nauyin buhun gyaɗa huɗu, kuma su kan jefa shi fiye da mil 20, tafiyar yini ke nan ga mai jaki. Abin da maƙeran suka nufa shi ne, jirgin da ya fi shi gudu kada ya kai shi ƙarfi, wanda ya fi shi ƙarfi kuwa kada ya cim masa. In ban da jirage ƙalilan na Ingila da Faransa, haka abin ya ke.

Kyaftin ɗinsa Hans Langsdorff ya fita da shi daga tashar Wilhelmshaven ran 21 ga Agusta 1939, tun ba a soma yaƙi ba, ya sulale ya ɓace cikin teku. Akwai wani jirgi mai suna Altmark da ke bin sa da mai da abinci, su kan haɗu a wurin da suka shirya, nesa da hanyar mutane. Sai ran 26 ga Satumba aka ba shi izinin taɓa jiragen kaya. Ran 30 ya nutsad da Clement kusa da gaɓar Birazil. Kafin a waiwaya ya juyo wajen Afirka, cikin Oktoba ya cinye huɗu bisa hanyar da ta taso daga Afirka ta Kudu zuwa Saliyo: Newton Beech mai ɗauke da masara, da Ashlea mai sukari, da Huntsman, da Trevanion. Da ya ga an soma shinshina sawunsa sai ya kewaya ƙarshen Afirka ya shiga tekun Indiya, ya nutsad da wani ɗan jirgin mai, Africa Shell, ran 15 ga Nuwamba, don a zaci can ya koma, kana ya juyo. Wani lokaci ya sa a kafa masa bututun hayaƙi na ƙarya da igwar katako, wani lokaci ya rataya sunan wani jirgi dabam. Ingilishi da Faransa suka ware ƙungiya takwas ta jiragen yaƙi, jirage fiye da ashirin, suna ta lalube daga Dakar har Kudancin Afirka, daga Saliyo har Birazil. A ganina ɓarnar da ya yi ta nan ta fi ta kayan da ya nutsar, domin kowane jirgin da ke yawon nemansa an cire shi ne daga rakiyar wani ayari.

Abu guda dai abokan gabansa ma sun shaide shi da shi. Jirgi tara ya nutsar, nauyinsu duka wajen tan 50,000, amma ba a kashe ko mutum ɗaya daga cikin ma'aikatansu ba. Ya kan tsai da jirgi, ya kwashe mutane, sa'an nan ya sa nakiya.

Abin da ya tona shi wayar iska ce. Ran 2 ga Disamba ya tare Doric Star mai ɗauke da nama, mai wayar jirgin ya yi ƙarfin hali ya buga kuka kafin a hana shi, kashegari kuma na Tairoa ya yi haka. Labari ya kai ga Henry Harwood, shugaban jiragen Ingilishi da ke tsaron gaɓar Amurka ta Kudu. Ya zauna ya auna gudun jirgin da nisan wurare, ya ga cikin kwana goma yana iya ɓullowa ɗaya daga wuri uku. Ya zaɓi bakin kogin Plate, wanda ya raba Ajantina da Urugwai, saboda ta nan jiragen nama da alkama ke fitowa zuwa Ingila. Maharbin da ya san aikinsa ba ya bin zaki cikin daji, mashaya ya kan tafi ya laɓe. Ran 12 ga Disamba ya tara jiragensa uku a can: Exeter mai igwa shida na inci 8, da Ajax da Achilles masu igwa takwas takwas na inci 6. Yawancin mutanen Achilles 'yan Niyu Zilan ne.

Da gari ya waye ran 13 ga Disamba 1939 suka hangi juna. An umurci Langsdorff kada ya yi karo da jiragen yaƙi, amma ya zaci ƙananan 'yan rakiya ne da ayari a bayansu, sai ya tasam musu. Da ya tsaya nesa da ya yi ta jifansu ba su iya ramawa, gama igoginsa sun fi nasu zuwa. Harwood ya raba jiragensa biyu, Exeter ta gefe guda, sauran biyun ta ɗaya gefen, don ya raba hankalin abokin gaba. Da ƙarfe shida da 'yan mintoci aka soma wuta. Exeter ya sha mafi yawanta. Harsashi ya share kusan duk waɗanda ke tsaye wurin tuƙi, Kyaftin Bell ya tsira da rauni, ya koma bayan jirgin yana ba da umurni ta bakin mutane da aka jera, wannan ya faɗa wa wannan har ya kai ga masu juya jirgi. Bai janye ba sai da igoginsa duka suka mutu. Ajax da Achilles suka matso kusa suna ta zuba ƙananan harsasai don su janye wutar daga kan ɗan'uwansu, har Ajax ya rasa rabin manyan igoginsa. Cikin sa'a guda da minti ashirin aka rabu. Ingilishi sun rasa mutum 72, cikinsu 61 na Exeter ne. Jamusawa sun rasa 36.

In da a ƙirga rauni ne a ce wane ya ci, da Jamus ta ci. Amma Graf Spee ya sami huda a goshi, an lalata masa wurin tace mai da ɗakin dafa abinci, harsasansa sun ragu ƙwarai, gida kuwa na can bayan dubban mil, ga hunturu a tekun arewa. Langsdorff, shi ma da rauni a jikinsa, ya nufi Montebidiyo, babban birnin Urugwai, ya shiga da tsakar dare, jiragen nan biyu na biye da shi daga nesa.

Daga nan yaƙi ya bar hannun masu igwa ya koma hannun masu alƙalami, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi. Urugwai ba ta cikin yaƙi. Bisa dokar ƙasashe, jirgin yaƙi ba ya wuce sa'a 24 a tashar 'yan ba ruwanmu, sai ko don gyaran da zai sa ya iya tafiya. Jamusawa suka nemi mako biyu, Gwamnatin Urugwai ta aika aka duba jirgin, ta yanka musu sa'a 72. Wakilin Ingila a birnin, Eugen Millington-Drake, da fari ya matsa a kore shi nan da nan. Sai aka fahimtad da shi cewa abin da ke jira a waje jirage biyu ne masu rauni, da Cumberland wanda ya iso ran 14, manyan kuwa suna nesa ainun. Sai ya juya yana neman hanyar tsare shi, alhali a fili yana nuna yana son a kore shi. Akwai wata doka da ta ce in jirgin kaya ya fita daga tasha, jirgin yaƙin abokan gabansa ba shi da ikon fita sai bayan sa'a 24. Sai ya riƙa sallamar jiragen kayan Ingilishi ɗaya ɗaya. Ban da wannan aka baza ji-ta-ji-ta, har ta wayar da aka san ana saurara, cewa Ark Royal mai ɗaukar jiragen sama da Renown mai manyan igogi sun riga sun iso bakin kogi. Alhali kuwa ran 17 ga wata suna Rio de Janeiro suna shan mai, mil dubu daga wurin.

Langsdorff ya gaskata. Ya sallami fursunoni wajen 60 da ke cikin jirginsa, ya binne matattunsa, waɗansu daga kyaftin-kyaftin ɗin da ya tsare har suka halarci jana'izar. Da yammacin Lahadi 17 ga Disamba, mutane dubbai sun cika bakin gaɓa suna jiran su ga yaƙi da idonsu, Graf Spee ya ɗaga ƙarfensa ya fita a hankali da mutane kaɗan. Da ya wuce iyakar ruwan Urugwai ya tsaya, mutanen suka sauka cikin ƙananan jirage, rana na faɗuwa nakiyoyi suka tashi. Ya zauna cikin laka yana ci da wuta kwana da kwanaki. Langsdorff ya kai mutanensa fiye da dubu Buenos Aires lafiya, ran 20 ga wata aka iske shi ya harbe kansa a ɗakinsa. Fursunoni 299 da suka rage cikin Altmark kuwa, sai ran 16 ga Fabrairu 1940 jirgin Ingilishi Cossack ya ƙwato su a wani lungun ruwa na Norwe.

Masu wasan silima sun bi wannan labari kusan sawu da sawu, sun kuwa yi abin da ba shi yiwuwa yanzu, watau suka yi wasan da jiragen yaƙi na gaske. Cumberland ya fito da kansa. Achilles ma ya fito da kansa, ko da ya ke tun 1948 an sayar wa Indiya shi, sunansa ya koma Delhi. Wani jirgin Amurka, Salem, shi ya tsaya a matsayin Graf Spee, mai lura zai ga ɗakunan igwa uku gare shi maimakon biyu. Exeter kuwa Japan ta riga ta nutsad da shi ran 1 ga Maris 1942, sai aka ɗauko Jamaica ya tsaya dominsa.

Wannan Jamaica yana da ɗan'uwa da ya kamata mu san shi. Ingilishi sun ƙera waɗansu jiragen yaƙi iri ɗaya suka sa musu sunayen ƙasashen da ke ƙarƙashinsu, kamar su Kenya da Gambiya da Jamaica, ɗaya kuwa aka sa masa Nigeria. An tura shi ruwa ran 18 ga Yuli 1939, ya soma aiki cikin Satumba 1940, da igwa goma sha biyu na inci 6. Ran 12 ga Agusta 1942 yana rakiyar ayarin abinci da mai zuwa tsibirin Malta, wani jirgin Italiya mai nutso ya sake masa nakiya, mutum 52 suka mutu, aka kai shi Amurka gyara. Daga baya shi ma aka sayar wa Indiya, cikin 1957 ya zama Mysore, suka zauna rundunar ruwa guda da tsohon Achilles.

Wasan ya girmama Langsdorff ƙwarai. Peter Finch ne ya fito a matsayinsa, mutum mai kunya da cika alkawari, yana hira da fursunansa Kyaftin Dove na Africa Shell kamar abokai. Shekara goma sha ɗaya kacal bayan yaƙi, wannan ba ƙaramin adalci ba ne. Amma ni ina ganin sun ɗan zarce. Ɗan fashin da ba ya kisa ya fi mai kisa, duk da haka dukiyar mutane ya tare, kuma Hitila ya ke yi wa aiki. Sa'an nan sun rufe wasan ba su nuna yadda ya ƙare da ransa ba, mai kallo ya tashi yana zaton ya koma gida ne. Bayan shekara huɗu aka yi wani wasan irinsa, Sink the Bismarck!, kan babban jirgin Jamus da ya nutsad da Hood ran 24 ga Mayu 1941, mutum uku kaɗai suka tsira daga cikin fiye da 1,400, shi kuma aka nutsad da shi ran 27. Duka biyun labarin manya ne, giwa ta kara da giwa.

Abin da silima ba ta nuna ba shi ne halakar Graf Spee ba ta buɗe hanya ba, mafarin wahala ce. Masu nutso ƙarƙashin ruwa su suka gaje shi, su kuwa ba su da wurin ɗaukar fursuna, ba su yin sallama kafin su harba. Cikin watannin bazarar 1941 guda ɗaya daga cikinsu, U-107, ya nutsad da jirgi 14 a fita guda, yawancinsu a ruwan Saliyo, nauyinsu ya haura tan 86,000. Ɗan jirgi mai mutum hamsin ya yi ɓarnar da ta fi ta ƙaton nan mai mutum dubu. Kamfanin Elder Dempster, wanda jiragensa ke ɗaukar wasiƙu da fasinja da kaya tsakanin Ikko da Libaful, ya rasa jirage fiye da ashirin cikin yaƙin. An nutsad da Accra ran 26 ga Yuli 1940. Jirgin sama ya jefa wa Apapa bom ran 15 ga Nuwamba na wannan shekara, yana cikin ayarin da ya taso daga Saliyo. Abosso kuwa aka harbe shi ran 29 ga Oktoba 1942 yana tafiya shi kaɗai, mutum 362 suka halaka, 31 suka tsira. Matattun daren nan guda sun ninka na yaƙin kogin Plate, na ɓangaren biyu duka, fiye da sau uku. Jiragen wannan kamfani kuwa sun saba ɗaukar ma'aikata baƙar fata daga Ikko da Saliyo, masu zuba gawayi da masu wanki da masu hidimar abinci.

A nan gida abin ya iso ta kasuwa. Yadi ya yi tsada, kananzir ya yi wuya, gishirin kanti ya ɓace har Gwamnati ta sa hannu cikin rabonsa. Da Japan ta cinye ƙasashen gabas cikin 1942, Ingila ta rasa man girki da kuza da ta ke samu daga can, sai aka juyo kanmu. Aka matsa wa sarakuna da hakimai a yawaita noman gyaɗa, aka kuma ɗebi mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a haƙar kuza a Jos, daga 1942 zuwa 1944. Samarinmu da suka shiga soja su ma wannan tekun suka hau, cikin 1940 zuwa Mombasa don yaƙin Habasha, cikin 1943 da 1944 kuma zuwa Indiya don yaƙin Bama, yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinsu ba. Masu karatu a lokacin suna bin labarin yaƙi cikin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na editanta.

Gawar Graf Spee tana nan cikin laka a bakin Montebidiyo. Cikin 2004 aka ciro na'urarsa ta auna nisa aka kafa a tashar jiragen birnin, cikin 2006 kuma aka ciro gaggafar tagulla da ke maƙale a bayansa, riƙe da tambarin Hitila, aka yi shekaru ana shari'a kan yadda za a yi da ita. Ma'aikatan jiragen kaya kuwa da ba su da kabari sai teku, an rubuta sunayensu bisa allunan tagulla a Tower Hill cikin Landan, kusan mutum 24,000 na wannan yaƙi. Sarauniya ta buɗe wurin ran 5 ga Nuwamba 1955, saura shekara guda a fito da wasan. An jera su jirgi jirgi bisa bin haruffa, saboda haka Abosso da Accra da Apapa suna cikin allunan farko.